Jawabin Maraba Ga Farfesan Kifayen Teku a Lagdo

Assalamu alaikum. Mai girma Farfesa, ranka ya daɗe. Sarkin Ruwa, iyayenmu dattawan masunta, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan rana.

A madadin masuntan Lagdo ta arewacin Kamaru, muna yi maka barka da zuwa, da fatan gajiyar hanyar Garwa ta bi lafiya.

Tun da aka ce baƙonmu masanin kifayen teku ne, wasu suke tambaya: me ya kawo mutumin teku bakin Binuwai? Amsar tana kwance cikin yashin kogin nan. Akwai wani ɗan kifi shimfiɗaɗɗe da bai kai tsawon yatsa ba, idanunsa biyu duk a ɓangaren dama. A 1964 masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana shi ga duniya da sunan Dagetichthys lakdoensis, wato na Lagdo, tun kafin a gama dam ɗin nan a 1982. Danginsa kusan iri 800 ne, galibinsu kuwa a ruwan gishiri suke. Har wasu na gaɓar Afirka ta Yamma daga baya aka dawo da su ƙarƙashin sunan zuriyarsa.

Ikon Allah, ana ƙyanƙyashe su da ido ɗaya a kowane gefe kamar kowane kifi. Suna tasowa sai ido guda ya yi ƙaura ya tarar da ɗan'uwansa, kifin ya kwanta a ƙasan ruwa da gefen da ba ido. A wasu dangin ta dama idanun suke haɗuwa, a wasu ta hagu, kuma nan ne rarrabewa take farawa.

Sauran aikin, ranka ya daɗe, sai mai haƙuri. Ku ƙirga ƙayoyin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ku ƙirga ɓawon jiki, ku ɗauki hoton ƙashin baya, ku gwada ƙwayoyin halitta, sannan ku kwatanta da samfurin da aka adana a gidan tarihi shekaru aru-aru. Duk wannan kafin a yarda a ce sabo ne. Mu kuwa da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa suka sha mana kai, irin wannan ɗan mitsitsin in ya shigo taru ko kallo bai ishe mu ba.

To, daga yau za mu riƙa dubawa. A nuna wa yaranmu yadda ake adana shi, da yadda ake rubuta rana da wurin da aka kama shi. Kwalekwalenmu na hannunka, dattawan nan kuma sun san inda yashi ya rage da inda laka ta cinye.

Roƙonmu ɗaya ne: abin da aka gano a dawo a faɗa mana da bakin da muke ji, kada ya tsaya a mujallun Turai.

Bismillah, Farfesa, fili naka ne.