Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke raba wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa aiki?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata ɗaliba mai koyon aikin jinya a Maraɗi. Ta ce an koya musu cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa uwarsu ɗaya, to yaya wasu ke zama niyuron masu kai saƙo, wasu kuma giliya masu yi musu hidima?

To malama, ƙwaya ba ta zaɓa wa kanta aiki. Maƙwabta ne ke faɗa mata, da harshen sinadarai.

Uwar ƙwaya tana da wani furotin a jikinta mai suna Notch. Duk ƙwayar da ta kama hanyar zama niyuron sai ta fito da wani furotin, Delta, ya taɓa Notch na waɗanda ke gefenta, ya hana su bin sahunta. Ba don haka ba da duk sun zama niyuron lokaci guda, a wayi gari babu uwaye, kamar manomin da ya cinye irin shukarsa tun kafin damina.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Niyuron ne ke fara samuwa a cikin ɗan tayi, giliya sai daga baya. Da farko sassan umarnin halitta da ƙwaya ta gada, waɗanda ke gina giliya, a kulle suke, ko saƙo ya iso ba ya aiki. A 2005 masu bincike a Toronto ta ƙasar Kanada suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa sababbin niyuron ɗin da kansu ne ke fitar da sinadarin kadiyotorofin-1, wanda ke komawa ga uwayen ya sa su koma haifar giliyar da ake kira astorosait. Wato 'ya'ya ne ke cewa mun yawaita, a kawo mana masu kula da mu.

A cikin lakar ƙashin baya kuma yawan sinadarin Sonic hedgehog ne ke nuna wa ƙwaya inda take, daga nan ta san aikinta. Wurin da ya fitar da niyuron masu motsa tsoka, shi ne daga baya ke fitar da giliyar da ke naɗe jijiyoyi da rigar kitse.

Kin kuma ce littafinku ya rubuta giliya sun ninka niyuron sau 10. Wannan tsohon zance ne. Ƙidayar 2009 a Brazil ta sami niyuron kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum, sauran ƙwayoyin ma adadinsu kusan haka.