Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi daga Kwamitin Masu Kiwon Zanzaron Gero

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, uban talakawa, lale marhabin da zuwanka. Allah ya ƙara girma, ya sa ka sauka lafiya. Kafin komai, ga kukanmu: ɗaki muke roƙo.

Tun farin shekarun 1970 tsutsar murzuna ke cin zangarniyar gero a ƙasar nan, wata shekarar manomi ya rasa fiye da rabin amfaninsa. Maganinta kuwa nan Maraɗi aka raine shi. Masanan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, reshen Tarna kusa da birnin Maraɗi, suka koya wa manoma kiwon ƙaramin zanzaron nan, Habrobracon hebetor, har ya zama sana'ar ƙauye. Macen takan harbi tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

Ga yadda muke yi. A ƙaramin buhun algarara muna zuba gero giram 50, garin gero giram 30, tsutsar hatsi ta Corcyra 25, da matan zanzaro 2 da aka riga aka barbara. Buhu 15 ke wadatar gari guda. Ana rataye su a rumbu ko a itace, inda ruwa da tururuwa ba sa kai wa, daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Bayan kamar kwana 8 sababbi ke fitowa su bazu cikin gonaki. In an makara, tsutsa ta riga ta yi ɓarna. In an yi feshi, zanzaron ne ke fara mutuwa, shi ya sa muke jan kunnen masu feshin darɓa a wake.

Ranka ya daɗe, a ɗaki ɗaya muke kiwon tsutsa da zanzaro. Mace guda ta kuɓuce ta faɗa kwanon tsutsa, aikin wata biyu ya tafi. Zafin Afrilu da Mayu kuma yana kashe iri, alhali dole a riƙe shi duk rani. Baƙi sun zo sun ɗauki hoto, sun yi alkawari, har yau shiru.

Muna roƙon ɗaki na biyu mai raga a tagogi, da fanka mai aiki da hasken rana. Babur na kai buhuna ƙauyuka zai iya jira. Ɗakin ne ba ya jira, ranka ya daɗe: a taimaka a gina shi kafin ruwan farko.