Ashe ba jajayen kaɗai ke toshe hanya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da ƙarar motoci, a bakin titi nake a Jidda, yanzu muka fito daga asibiti ni da Yaya. Wallahi abin da na gani yau ya girgiza ni.

Kun san ɗiyar Yaya tana da sikila. Shekara da shekaru abin da muka sani shi ne jajayen ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe jijiya. Yau likita ta juyo mana kwamfutarta, ga bidiyon cikin wata siririyar jijiya. Jajayen suna wucewa fuu, fararen kuwa, sojojin jiki, suna mirginawa a hankali a jikin bango. Na ce likita, me ya same su?

Ta ce in wuri ya ji ciwo ko ƙwayar cuta ta shiga, jiki yakan saki sinadaran kiran agaji, irin su histamin. Cikin 'yan mintuna bangon jijiyar ya fito da wasu ƙananan ƙugiyoyi, selektin sunansu. Farar ƙwaya ta maƙale, ta saki, ta sake maƙalewa. Ni dai ƙarangiya na tuna, yadda take kama mana gefen zane in mun je gona a Katsina, mu zauna muna cirewa Inna tana faɗa. Allah Ya kai mu gida. To daga mirginawar sai farar ƙwayar ta fito da nata danƙon, integirin, ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa ta bangon ta isa wurin ciwon. Mugunyar maruru ma yawancinta gawarwakinsu ne. Kuma tun 1867 wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya kalli wannan a jikin kwaɗo!

Ga mai sikila nan ne matsalar. Fararen da suka manne su ke cafke masu siffar lauje, hanya ta cushe kamar ƙofar Harami bayan Juma'a, jini ya kasa wucewa, yarinya ta kwana tana kukan ƙashi. Maganin da take sha, haidroksiyuriya, ashe har yawan fararen yake ragewa. Yaya ta yi shiru, ta ce, "Shi ya sa duk mura sai ciwon ya tashi."

Ina roƙonku, zazzaɓi ya kama mai sikila kada ku ce a ga safiya. Mu riyal 40 muka ba mai tasi cikin dare, ban ji zafinsu ba. Ku lura da sanyin na'urar ɗaki, nan kamar firji suke kunna ta, ku yi ta ɗura wa yaro ruwa. Nan ƙasar tun 2004 gwajin jini kafin aure dole ne ga 'yan ƙasa, mu kuwa har yanzu wasu kunyarsa suke ji.

Yaya, riƙe yarinyar da kyau, ga motarmu can ta tsaya.