Yaron da ya ce LSU, sai ga shi a Michigan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau a waje nake ɗauka. Wancan ƙaton harafin M mai ruwan ɗorawa da kuke hange a bayana na filin ƙwallon Jami'ar Michigan ne, a nan garin Ann Arbor. Daga waje ba za ka ga girmansa ba, don yawancinsa a cikin ƙasa aka haƙa shi, amma yana cin mutum 107,601. Filin makaranta fa, ba na ƙasa ba. Kuma ƙwallon da ake yi a ciki ba irin tamu ba ce, ta Amurka ce, wadda ake sa hular kwano ana ture juna.

Abin da ya kawo ni nan shi ne wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wurin aikinmu. Akwai wani dattijo ɗan Luwiziyana, tun yana yaro yake bin ƙungiyar LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, kofin shayinsa ma launin ƙungiyar ne. Sai wani matashi haifaffen nan jihar, wanda ko a mafarki ba ya son jin an taɓa Michigan. Da an tashi hutun cin abinci, in dai aka ambaci sunan Bryce Underwood, to shinkafar kowa sai ta huce.

Bari in ba ku tushen maganar. A nan, jami'o'i ne ke zawarcin yara tun suna sakandare. Akwai kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ba su da aiki sai auna yaran nan suna ba su taurari, mai uku, mai huɗu, mai biyar. Masu biyar a shekara ba su fi talatin da 'yan kai ba a duk faɗin ƙasar. Koci zai zo har falon gidanku, ya ci girkin mahaifiyarka, ya yabe shi ko da gishiri ya yi yawa. In yaro ya gamsu sai ya sanar da cewa ya ba wa makaranta kaza alkawari. To amma alkawarin na fatar baki ne. Kamar baiko yake a wurinmu, an san an yi magana, dangi sun ji, amma sai an shafa fatiha ake cewa an gama. Fatiharsu ita ce ranar sa hannu a watan Disamba, kuma kafin ranar kowa na da damar fasawa.

Shi wannan Underwood ɗan Belleville ne, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba daga inda nake tsaye. Shi ne mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, wanda duk harin ƙungiya a hannunsa yake, kuma a sa'o'insa shi aka sa a lamba ɗaya. A Janairun 2024 ya ce LSU zai je. Mutanen Baton Rouge, garin da LSU take, suka yi ta murna wata goma. Ran 21 ga Nuwamba, saura kamar mako biyu a sa hannu, sai yaro ya saki bidiyo ya ce yana nan gida, Michigan zai buga wa. Jaridu suka ce kuɗin da aka yi masa tayi ya haura dala miliyan 10 a tsawon zamansa, kuma ƙungiyar masu tara wa 'yan wasan Michigan kuɗi da bakinta ta gode wa Larry Ellison, attajirin kamfanin Oracle, kan rawar da ya taka.

Dattijon namu cewa yake yi cin amana ne tsagwaronsa. Hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce, ita ce LSU ta daina neman wani mai jefawa saboda ta riƙe maganar yaron. Duk nagartattun sun kama gabansu, sannan a ƙurarren lokaci ka zo ka ce ka fasa? Ya ce a zamaninsu in mutum ya ba ka hannu an gama. Shi kuwa matashin dariya yake yi, ya ce baba, ka taɓa ƙin ƙarin albashi don ka yi wa wani manaja alkawari?

Ni da farko shiru nake yi, ina cin abincina. Amma da na bi tarihin kocin da aka yi wa alkawarin, sai bakina ya buɗe. Brian Kelly ne. Mutumin nan a ƙarshen Nuwamban 2021 yana kocin Notre Dame, sun ci wasa 11 cikin 12, suna jiran a ga ko za su shiga gasar cin kofin ƙasa, sai ya karɓi kwantiragin shekara 10 a LSU kan dala miliyan 95. Yaransa a waya suka fara ganin labarin. Cikin dare ya tura musu saƙo, da sassafe ya tara su na 'yan mintoci, ya fice. Yaran da ya zauna a falon iyayensu ya ce ku ba ni amanarsa. A lokacin mutanen LSU ba su ce ya ci amana ba, cewa suka yi sun yi babban kamu. Na faɗa wa dattijon haka, cikin ladabi dai, na ce baba, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ya kalle ni ya ce kai da ko dokar wasan ba ka gama sani ba. Muka yi dariya.

Ku ji ƙarshen abin ma. A Oktoban 2025 LSU ta sallami Kelly ana tsakiyar kaka, da bashin sama da dala miliyan 50 a kanta na ragowar kwantiraginsa. Da yaron ya cika alkawari, ko shekara ba zai yi da wanda ya ɗauko shi ba. Kuma kada 'yan Michigan su yi saurin tafi, don su ma a Disamban shekarar suka kori nasu kocin, Sherrone Moore. Ko'ina ya je, wanda ya rantse masa zai raine shi ba ya nan.

Makarantun kansu fa suna janyewa. Wata za ta raba tayi ga yara ɗaruruwa alhali gurbin da take da shi bai wuce ashirin da wani abu ba. In ta samu wanda ya fi ka, sai wayarka ta daina ƙara. Ba wanda zai ce maka an fasa, kai za ka gane, ka fito ka rubuta cewa bayan addu'a da shawara da iyali ka janye alkawarinka. Sai magoya baya su yi ca a kanka, ba su san korarka aka yi cikin siyasa ba.

Kuɗi kuwa sabon abu ne a fili. Sai ran 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da suke kira NIL. A Yunin 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Amma ba kowane ne ke wanyewa lafiya ba. Jaden Rashada ya bar Miami ya koma Florida a 2022 kan maganar dala miliyan 13.85, kuɗin ba su fito ba, ya ƙare a Arizona State, daga baya ya maka kocin Florida a kotu. Wannan shi ne ɓangaren da nake ba dattijon gaskiya. Yaro ɗan shekara 17, ga wakilai, ga kawunnai da suka ɓullo daga sama, kowa da lissafinsa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Travis Hunter a Disamban 2021. Ya daɗe da ba Florida State alkawari. Ranar sa hannu aka jera masa huluna a tebur, ya ɗauki ta wannan makaranta ya wurgar, ya ɗauki ta waccan ya wurgar, ya sa ta Florida State, jama'a suka fara ihu, sai ya cire ita ma ya jefar, aka cillo masa ta Jackson State, ƙaramar jami'ar baƙar fata inda Deion Sanders ke koci. Deion kuma tsohon tauraron Florida State ɗin ne. Ranar har rigar Deion wani ya cinna wa wuta ya ɗora a intanet. Yaron dai ya bi Deion zuwa Colorado, ya ɗauki kambun Heisman, na gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2024.

Yanzu gardamar a wurin aikin ta koma kan dabara. Dattijon yana nan kan tsohon tsari, irin na Dabo Swinney, kocin Clemson, wanda ya shekara da shekaru yana ƙin ɗaukar masu sauya sheƙa daga wasu jami'o'i, kuma an san shi da cewa in ka ba shi alkawari ka daina yawon ziyarar wasu makarantu. Ka ɗauko yaro ɗanye, ka raine shi shekara uku. An ma daɗe ana cewa ba mai cin kofin ƙasa sai wanda fiye da rabin yaransa masu taurari huɗu da biyar ne. Sai ga Indiana, makarantar da ake yi wa dariya a ƙwallon nan. Kocinsu Curt Cignetti ya zo da tsofaffin yaransa daga Jami'ar James Madison, ya ɗebo waɗanda suka riga suka goge a wasu wurare, ya ɗauko mai jefa ƙwallo Fernando Mendoza daga Jami'ar Kalifoniya. Suka buga wasa 16 ba a ci su ko ɗaya ba, suka doke Miami suka ɗauki kofi a Janairun 2026. Wannan ya rufe bakin su biyun, don shi ma matashin da ke taƙama da yaron miliyan 10 bai ga kofi ba.

A nawa ganin, makarantar da za ta zuba rabin dukiyarta kan ɗan sakandare guda caca take yi, tunda ko ya sa hannu, bayan kaka ɗaya zai iya shiga kundin masu sauya sheƙa ya tafi. Nico Iamaleava ya yi wa Tennessee haka a Afrilun 2025, ana dab da kammala atisayen bazara, ya koma UCLA. Da ni ne mai riƙe da lalitar, masu tare gaba zan fara saye, ƙartin nan da ba a sanin sunansu, don in ba su tsare ba ko wa ka sa a bayansu ƙasa zai sha.

Yatsuna sun fara ƙagewa, bari in nemi mota. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga da ku wasan 'yan sakandare na daren Juma'a, ku ga yadda masu farautar yaran suke zama a gefe da littafinsu. Sai mun haɗu.