Kaina, kanka, junanmu: Turancin da aikin kula da tsofaffi ya koya mini

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Daga Leeds nake magana, ƙarfe shida saura kwata. Ku dubi tagar kicin ɗin nan, duhu ƙirin kamar tsakar dare. Haka hunturun Ingila yake, a watan Disamba sai takwas ta wuce rana take leƙowa. Bari in ɗora ruwan shayi, mu yi maganar da na yi muku alkawari kafin lokacin fita ya yi.

Ƙannena masu shirin IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, sun daɗe suna roƙona in yi bayanin kalmomin nan na Turanci masu ƙarewa da self. Takwas ne waɗanda za ku fi cin karo da su: myself, yourself, himself, herself, itself, sai na jam'i, ourselves, yourselves, themselves. Aikina kula da tsofaffi ne, na shigo ne bayan Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu wannan aiki a 2022, kuma a bakin gadon tsofaffin nan na gane nauyin kalmomin, fiye da yadda na gane su a aji.

Mu Hausawa muna da abinmu tun fil azal. Kaina, kanka, kanki, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu. In aikin da mutum ya yi ya dawo kansa, shi ke nan. Ta ga kanta a madubi, "she saw herself in the mirror". Ya zargi kansa, "he blamed himself". Mu har mun raba kanka da kanki, su kuwa yourself ɗaya ce ga namiji da mace. Don haka duk lokacin da kuka rikice, ku koma Hausa ku auna maganar tukuna.

Ga dalilin da ya sa nake nanata haka. A watannina na farko akwai wani dattijo da matarsa da nake kula da su, sun haura shekara sittin da aure. Kullum da hantsi sai an tura shi a keken guragu zuwa wurinta, ya riƙe hannunta su zauna shiru. Wata rana 'yarsu ta zo ziyara, abin ya taɓa zuciyata, na ce mata, "Your parents really love themselves." Sai na ga ta yi turus, fara'arta ta ragu. Da yamma wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta fahimtar da ni. Ashe ce mata na yi iyayenki suna son kansu. Son kai fa, jama'a! Abin da ke raina shi ne suna son juna, kuma juna a Turanci each other ne. A gida Najeriya mun saba cewa "we know ourselves" muna nufin mun san juna, kowa kuma ya gane. A nan ma'anar juyewa take yi. Da na fara faɗar jimlar da Hausa a zuciyata, da ban taɓa haɗa kansu da juna ba. Washegari na nemi 'yar tasu na ba ta haƙuri, na gyara maganata, har ta rungume ni.

To, akwai kalmomin aiki da suke jan self duk inda za su. Enjoy ba ta son tsayawa ita kaɗai: ko dai ku ce "I enjoyed the food", ko "I enjoyed myself", wato na ji daɗi, na shaƙata. "Introduce yourself" kuwa daidai take da tamu, gabatar da kanka. Amma wasu in kuka bi su kalma da kalma za ku ɓata hanya. Bari in nuna muku hoto a wayata. Kun ga gwangwanin biskit ɗin nan a ɗakin hutun ma'aikata, da 'yar takarda manne a murfinsa? "Help yourselves." Bismillarsu ke nan, kowa ya ɗiba. "Make yourself at home", saki jikinki, nan ma gida ne. "Behave yourself", shiga taitayinka. Kun lura inda Bature ya sa self, mu wani lokaci jiki muke sawa? Haka "I hurt myself", mu sai mu ce na ji ciwo. Wannan ta tsautsayi ce yawanci. "She harmed herself" kuwa da gangan ake nufi, kuma a wurin aiki irin namu in ka rubuta ɗaya a madadin ɗaya ka tayar da hankalin gida gaba ɗaya.

Ruwan ya tafasa, ku ɗan jira ni.

Yawwa. Sai siffofi. Nan dabarar ita ce ku haddace siffar tare da 'yar ƙaramar kalmar da ke binta, irin of ko on, don ita ce ke riƙe self ɗin. "Proud of yourself", alfahari da kanka. "Ashamed of himself", yana jin kunyar abin da ya aikata. "Don't be hard on yourself", kada ki matsa wa kanki. Wannan na sha jin ta ranar da aiki ya yi mini yawa. "Sure of herself", wadda ta yarda da kanta. Ku yi hattara da "full of himself", zagi ne, mai girman kai ake nufi, mai ji da kai. "Pleased with himself" ma sau da yawa da ɗan gugar zana a ciki. "She was beside herself" kuma babu ruwanta da zama a gefe, hankalinta ne ya yi mummunan tashi.

Wadda ta fi mini amfani duk a cikinsu ita ce "she's not herself today". Ma'ana yau ba yadda aka saba ganinta take ba. A wurinmu wannan jimla ba ta wasa ba ce. Tsohuwar da kullum take da surutu in ta wayi gari shiru, ko tana sambatu, yana iya zama wata cuta ce ta shige ta, irin ciwon mafitsara, tun kafin zazzaɓi ya bayyana. Da zarar na faɗa wa nas haka, ta san abin da za ta fara dubawa.

A gurguje: "by myself" ni kaɗai ke nan, "I did it myself" kuma ni da kaina na yi. In maganar wuri ce, ba a sa self: "I took my umbrella with me". Tsofaffin Yorkshire, yankin da Leeds take, kuma suna da nasu salon, self ɗinsu sen ce. Wani dattijo kullum sai ya ce mini, "Sit thissen down, love", wato zauna mana 'yata. Kada dai ku kai wannan ɗakin jarrabawa.

Na bar wadda ta fi tsaya mini a rai zuwa ƙarshe. Kalmomi irin su wash, dress da shave, a maganar yau da kullum ba a sa musu self. "I washed and dressed", na yi wanka na shirya, an gama. Su feel da relax da concentrate ma haka: "I feel tired" kawai. To amma ranar da kuka ji an ce "he dressed himself", labari ake ba ku: da kansa ya sa kayansa, babu hannun kowa.

Akwai wata baiwar Allah da shanyewar ɓarin jiki ya kama, wata huɗu ni nake ba ta abinci a baki. Kullum abin da nake rubutawa a bayanan ranar shi ne an taimaka mata ta ci. Ranar Talatar da ta wuce na ajiye mata kwanon kunun alkama, na juya in ɗauko tawul. Ina waigowa na ga ta damƙe cokali da hannun hagu, yana rawa, rabi ya zube a ƙirjinta, rabi ya isa baki. Na tsaya cak, ban taɓa ta ba. Cokali bakwai ta yi, ina ƙirgawa. Da na zo rubutu na sa, "She fed herself." Wallahi sai da na share hawaye. Ɗanta ya karanta kalmomin nan uku da yamma, ya ɗago ya tambaye ni, "Herself?" Na ce masa ƙwarai, ita da kanta.

Shida da kwata ta yi, bari in zura rigar sanyi in kama bas. Yau ma ni ce a ɓangarenta, kuma na riga na ajiye mata cokalin nan mai kaurin mariƙi. Sai mun haɗu, Allah ya ba mu wuni lafiya.