Darasin yau: direban da ba ya duba motarsa kafin ya ɗau hanya

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Iyayen gidanmu masu motoci, manajojin gareji, direbobi da yaran mota, ina gaishe ku baki ɗaya. Wanda yake kan hanya yanzu yana jin mu ta rediyon mota, Allah ya sauke shi lafiya.

Saƙo ne ya shigo daga wani Alhaji a Funtuwa. Tirela shida gare shi, hatsi yake ɗauka zuwa Legas. Ya ce ya buga takardar duba mota ya raba wa direbobinsa, ya yi faɗa, ya yanke kuɗi, har ya sallami mutum ɗaya, amma har gobe da zarar an gama lodi sai kowa ya murza makulli ya kama hanya. Yana tambaya, yaya zai yi da su?

To Alhaji, ranka ya daɗe, bari in fara da abin da ya faru da ni, don a nan na koyi amsar.

Lokacin ina kula da motocin wani kamfani, akwai wani direba da takardarsa ba ta taɓa zuwa da matsala ba. Kullum an cika ta tsaf: birki lafiya, taya lafiya, fitila lafiya. Wata asuba na riga kowa zuwa gareji, na durƙusa ƙarƙashin motarsa, na ja zoben da ke gindin tankin iskar birki, wanda ake ja don a zubar da ruwan da ya taru a ciki. Ruwa ne ya tsiyayo, ja-ja da tsatsa, haɗe da baƙin mai, ya kai cikin buta. Wanda ya san mota ya san wannan ruwan ba na kwana ɗaya ba ne, ba na mako ɗaya ba ne. Raina ya ɓaci, na sa aka kira shi. Ya tsaya ya ji ni har na gama, sannan ya ce, "Maigida, a watan jiya sau uku ina rubuta maka cewa tiyon birkin baya yana fitar da iska. Sau ukun ka ce in je in dawo tukuna. Shi ya sa na daina rubutawa, da na daina rubutawa kuma sai na daina dubawa." Na koma ofis na zaro tsofaffin takardun. Gaskiya ya faɗa. Ga rubutunsa nan, ga sa hannuna a ƙasa.

Saboda haka Alhaji, kafin ka tuhumi direba, ɗauko takardun wata uku da suka wuce. Ƙirga matsala nawa aka kawo maka, ƙirga nawa ka gyara, kuma a cikin kwana nawa. In ka ga an kai ƙara goma an gyara biyu, ka gano inda gizo ke saƙa. Mutum ba ya ci gaba da zuba ruwa a kwando.

Sai maganar kuɗi, wadda masu motoci ba su cika son a taɓo ba. Yawancin direbobinmu da tafiya ake biyansu. Mota ta je Legas ta dawo, a ba shi nasa. Ranar da mota ta kwana gaban bakanike, gidansa ba cefane. Yanzu ka duba abin da kake nema a wurinsa: ya leƙa ƙarƙashin mota da kansa, ya nemo abin da zai hana shi tafiya, ya kawo maka da bakinsa, sannan ya koma gida aljihu wayam. Ga yara, ga kuɗin haya. Mutum nawa ne za su iya? Ni abin da na yi, na sa kuɗin zama. Duk ranar da mota ta tsaya saboda matsalar da direba ya gano da kansa, akwai abin da za a ba shi. Bai kai kuɗin tafiya ba, amma zai kai cefane gida. In kana ganin asara ce, je ka tambayi kuɗin jan tirela mai lodi daga Mokwa ko Jebba, ka haɗa da kuɗin masu gadin kaya na kwana uku a bakin titi, sannan ka dawo mu yi lissafi.

Lokaci ma haka. Ana gama lodi a Dawanau ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ɗan kamasho na buga waya, mai kaya na buga waya, kai ma kana cewa lallai a tashi da asuba. Ina minti ashirin ɗin dubawa? In ba ka ware shi cikin lokacin aiki ba, daga barcin direba za a cire shi, shi kuwa barcin zai zaɓa. Ka gaya wa mai kaya tun farko cewa motarka ba ta fita sai an zagaya ta.

Bari in faɗi abin da ake dubawar, domin na lura wasu manajojin kansu ba su sani ba, takarda kawai suke karɓa. Kafin a tada inji, a zaro sandar awon baƙin mai, a duba ruwan lagireto tun yana da sanyi, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai ko gas a inda motar ta kwana. A tada inji a bar iska ta cika, yawancin manyan motocinmu allurar awon iska kan tsaya wajen 8. Sai a sa katako a tare taya, a kashe inji, a saki birkin hannu, a taka birki a riƙe kamar minti ɗaya. Idon direba na kan allura, yaron mota yana zagayawa yana kasa kunne. In allura na sauka, ko an ji tsss daga wani tiyo, wannan motar ba inda za ta. Wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da lodi ya san me ya sa nake nanata wannan. A can ake ta taka birki ba hutu, kowane taku iska yake ci, in akwai yoyo kwamfiresa, wato na'urar da ke cika tankin da iska, ba za ta iya mayar da abin da ke fita ba.

Taya kuwa, ta cikin tagwayen tayoyin baya ita ce mai yaudara. Sai ta sace, 'yar'uwarta ta waje ta ɗauke nauyin duka, daga nesa ka ga komai daidai, har zafi ya fasa ita ma. A buga kowace da ƙarfe, mai iska tana amsawa da ƙarfi, wadda ta sace sai ka ji dum. A cire dutsen da ya maƙale tsakaninsu. A dubi notuna: in ka ga layin tsatsa ya fito daga gindin noti, ya fara kwancewa. Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce a ja layin fenti daga noti zuwa jikin ƙarfen taya, da safe in layin ya goce kowa zai gani. Kuma duk tayar da aka cire aka mayar, a sake ɗaure notunanta bayan an ɗan yi tafiya, kamar kilomita 50. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Masu sayen taya 'yar gwanjo, ku riƙa karanta wannan.

Sauran su ne mahaɗar kai da bodi, a tabbatar ta kulle a ɗan ja a gani, sai fitilu, sigina, madubi, abin kashe gobara, da ɗaurin tamfol. Lokacin hunturu a goge ƙurar fitilun baya, da damina a gwada abin share gilashi.

Kada a ɗauka wannan son ran manaja ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da tsari na musamman ga duk mai motocin haya biyar ko fiye, wanda ya haɗa da rajista da ita da kuma naɗa mai kula da lafiyar motoci da direbobi. Alhaji, da shida ɗinka kana ciki. Kuma dukkanmu mun tuna gadar Otedola a Legas, ranar 28 ga Yunin 2018, da tankar fetur ta ƙwace ta kama da wuta, motoci sama da 50 suka ƙone, rayuka suka salwanta. Birki aka ce ya ƙi. Mutanen da ke cikin ƙananan motocin nan ba ruwansu da wanda ya duba ko bai duba ba. Duk lokacin da na tuna su sai in ji nauyin sa hannun da nake yi a takarda.

Takardar ita kanta a duba ta. Da yawa cikin ƙwararrun direbobinmu allo suka yi, ba boko ba. Ka ba shi takarda da Turanci mai layi arba'in, yaron mota zai miƙa wa ya cike masa a teburin mai shayi. A rubuta ta da Hausa, a rage ta, a sa zane. In ma rubutun ne matsala, ya ɗauki bidiyon minti biyu da wayarsa ya turo ta WhatsApp: ga allurar iska, ga sandar baƙin mai, ga shi yana jan zoben tanki. Wannan ya fi wuyar ƙarya.

Sannan a raba matsaloli gida biyu, kowa ya sani. Birki, taya, sitiyari, mahaɗa, yoyon mai: waɗannan mota tsayawa take, ko kai mai motar ba ka da ikon cewa a je a dawo. Ƙananan kuwa, a rubuta ranar da za a gyara, a kuma cika.

To in ka yi duk wannan, ka ba da lokaci, kana gyara, kana biyan kuɗin zama, wani ya ci gaba da ƙin dubawa fa? Yanzu ne horo ya zama adalci. Karon farko ka kira shi gefe, ban da gaban yaron motarsa, domin direban da ka kunyata a gaban yaronsa ka rasa shi ko da bai ajiye makulli ba. Ku zagaya motar tare, ka nuna masa abin da ka gani. Karo na biyu gargaɗi a gaban shaida, shugaban direbobi ko wani dattijon gareji. Na uku a karɓi makulli na wasu kwanaki. Amma ni ina bambanta wanda ya ce "yau ban duba ba" da wanda ya cika takarda alhali ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba. Na farko ya bar mini damar in duba da kaina. Na biyu ya sa na saki mota ina ganin lafiyarta ƙalau. Shi hukuncinsa ya fi tsanani tun daga karon farko, kuma ina faɗa wa kowa haka ranar da na ɗauke shi aiki.

Akwai tsofaffin hannu da za su ce maka, "Shekara ashirin ina kan hanya, kunnena ya san injin nan." Kada ka musa masa, da gaskiyarsa, kunnensa ya san inji. Sai dai kunne ba ya jin notin da ke kwancewa a tayar ƙarshe ta bodi. Irin wannan dattijo, ka roƙe shi ya riƙa koya wa matasa zagayen safe. Zai yi, kuma wanda ke koyarwa kunya ba za ta bar shi ya tsallake nasa ba. Wanda kuma ya ce maka Allah ne ke tsarewa, ka ce haka ne, babu shakka, ka tuna masa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Alhaji, gobe in Allah ya kai mu ka yi sallar asuba kusa da garejinka. Kada ka sanar da kowa. Zaɓi mota ɗaya, ka ja zoben tankin iskarta da hannunka, ka dubi sandar baƙin mai ko ƙura ta rufe kanta, sannan ka gwada da abin da ke takarda. Ka riƙa yin haka sau ɗaya ko biyu a mako, kana sauya rana da mota. Ka turo mana abin da ka gani.

Lokacinmu ya ƙare. Mako mai zuwa za mu yi magana kan barcin direba da tuƙin dare a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wassalamu alaikum.