Darasi: Yadda Za Ka Samu Matakala Mai Ƙwari Da Araha Ta Hawa Benen Sito

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai ga mu a cikin siton gidan gona, kun ga wancan benen katakon da muka ɗora a sama rabin ɗaki, nan muke jibge harawa da buhunan masara, ƙasa kuma awaki ne da kayan aiki. To maganar yau yadda za a hau shi ne, don mutane da yawa za ka ga sun kashe kuɗi sun yi benen tsaf, da an zo kan matakala sai a ce ai a jingina tsani kawai. Tsani yana da kyau in kai kaɗai ne hannunka biyu a sake, amma mutum da buhu mai kilo 100 a wuya, da wane hannun zai kama? Ka gani.

Kafin ka je wajen mai walda ko kafinta, ɗauko tef ka auna. Ƙanena matso da wayar nan su gani. Daga daɓen ƙasa za ka ja har saman katakon da ake takawa a benen, ba ƙarƙashinsa ba, nan ne mutane ke yin kuskure. Namu santimita 270 ne. Tsayin kowane taki kada ya wuce 18 zuwa 19, to in ka raba 270 gida 15 sai ya ba ka 18 cif. Faɗin inda ƙafa ke sauka kuma mu ce 26. Akwai lissafin da magina ke yi tun da daɗewa, ka ninka tsayin taki sau biyu ka ƙara faɗinsa, in ya faɗa tsakanin 60 da 65 to ƙafa za ta ji daɗi, namu 18 da 18 da 26, 62 ke nan, lafiya lau. Sai dai fa ka sani, taki 14 ne za ka shimfiɗa tunda na 15 benen ne da kansa, 14 sau 26 ya kama 364, wato matakalar nan za ta cinye maka fili sama da mita uku da rabi a ƙasa, don haka ka duba tun yanzu kada ta je ta toshe ƙofa ko ta faɗo cikin kwamin dabbobi. Sannan sama da kanka a bar aƙalla mita 2, kada mai kaya ya dinga gwara buhu da rafta.

In fili ya yi kaɗan, karya ta biyu, a yi ɗan dandamali a tsakiya ta juya, ya ma fi don ɗan dako ya samu wurin shan iska. Ita kuwa mai murɗawar nan kamar ta hasumiyar masallaci, kyau gare ta a ido amma ni ban ba ka shawara ba, buhu baya juyawa a cikinta, harawa kuwa rabi a ƙasa za ta zube.

To ƙarfe ko katako? Ni na ƙarfe na fi so a sito saboda gara da fitsarin dabbobi da lemar damina. Dogayen nan biyu na gefe su ne ƙashin bayanta, a yi su da ƙarfen chanel, wato mai kaurin nan mai siffar harafin U, namu kowanne ya ɗan haura mita huɗu da rabi, guntun da ya rage kada ka bar wa mai walda, da shi za a yi ƙafafu da maƙalai. Takin kuma a yi firam da angul ayan, ƙarfen nan mai siffar harafin L, a ɗora cheka filet, farantin nan mai ƙurji-ƙurji da baya santsi, kaurinsa kamar milimita 3 zuwa 4. In kuɗi ya gaza, ga dabara, bar gefen a ƙarfe ka sa katako mai kaurin inci 2 a takin ka ɗaure da boti da noti, ran da ɗaya ya ruɓe shi kaɗai za ka cire.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, wallahi har yau ina jin haushi. Matakalar farko da na bayar a yi min, don son araha na yarda aka yi gefen da bututu mai kusurwa huɗu sirara, an shafe ta da fenti baƙi tana ƙyalli kamar abin arziki. Ranar da aka fara hawa da kaya tana lilo kamar gadar kara, kuma tunda mai waldar bai zo ya auna da kansa ba sai takin ƙarshe ya fi sauran tsayi da kusan yatsa uku. Ƙafar mutum ai ta riga ta haddace tsayin, yaron da ke ɗaukar mana kaya ya zo nan ya yi tuntuɓe, Allah ya kiyaye buhun ne ya faɗo ba shi ba, ya fashe awaki suka yi biki. Kuɗi biyu na kashe.

Shi ya sa nake cewa araha a wajen sayen kaya ake nemanta, kada a neme ta a kaurin ƙarfe. Ka sayo ƙarfenka da kanka ka biya kuɗin aiki kawai. In kana Kano shiga Kofar Ruwa, katako kuma 'Yan Katako na Na'ibawa, in Kaduna ne Panteka, Abuja kuma Dei-Dei. Tambayi na hannu, sau da yawa ana samun chanel da aka ciro daga ginin da aka rushe ko tsohuwar masana'anta, wani lokaci ma matakala sukutum. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, buroshin waya zai cire ta, amma ka ƙwanƙwasa da guduma, in yana zubar da ɓawo ko ya lotsa to bar musu kayansu. In ka samu sukutum ɗin, tef ɗinka na aljihu, ka auna kafin ka yi ciniki, don yanke taki ɗaya ya fi sauƙi a kan ƙarawa.

Masu son katako zalla kuma, ku nemi mai tauri irin madaci ko iroko wanda ya bushe, gefen a yi da mai faɗin inci 12, kada a sa farin katakon nan mara nauyi da ake silin da shi. A shafa maganin gara, wasu baƙin mai suke sawa, amma kada ka shafa shi a kan takin, santsi zai yi. Kuma kada gindinta ya taɓa ƙasa, a zuba ɗan siminti a ɗora ta a kai.

Faɗin matakala santimita 90 zuwa mita 1 ya isa mutum da buhu. Mariƙin hannu kamar santimita 90 daga taki, ko gefe ɗaya ne a sa, kuma a kewaye bakin benen ma. Sama a ɗaure ta da boti a jikin babban ginshiƙin da ke ɗauke da benen, ƙusa ba ta wadatar ba. Kafin fenti ka duba waldar da idonka, layi ne a haɗe ko ɗigo-ɗigo aka yi maka, don fenti yana rufe asiri, sai ka gamsu sannan a sa jan fentin nan na hana tsatsa.

Gwajin ƙarshe kafin ka cika wa mai aiki kuɗinsa, ku hau ku biyu ku tsaya a tsakiya ku ɗan yi tsalle. Ƙanena ajiye wayar a kan buhun can ta kallo mu, zo mu hau su gani.